Littafi a Matsayin Goron Sallah: Me Ya Kamata Mai Son 'Yancin Kasuwa Ya Karanta a Kwarin Rima?

A Turai da Amurka, cibiyoyin da ke goyon bayan 'yancin kasuwa suna da al'adar fitar da sunayen littattafai a ƙarshen shekara, domin mutum ya saya ya ba ɗan'uwa ko aboki lokacin Kirsimeti. Sunayen ba su cika canzawa ba: Adam Smith, Frederic Bastiat, Friedrich Hayek, Milton Friedman. Mu lokacin kyautarmu Sallah ce, kuma goron Sallah ya fi zuwa a kuɗi ko yadi ko turare ko cinyar rago. Amma a Wurno da Rabah da Goronyo akwai malaman makaranta, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da 'ya'yan fataken albasa da tafarnuwa, waɗanda kullum suke muhawara a majalisa kan rufe iyaka da cire tallafin mai da yawan shingayen hanya. Irin waɗannan littafi zai fi yi musu amfani fiye da hula. Abin dubawa shi ne wane littafi.

In aka kwafo jerin Turawa yadda yake, zai amsa tambayar da mutumin gabashin Sakkwato bai yi ba. Hayek ya fitar da The Road to Serfdom a 1944 yana zaune a Ingila, ƙasar da kotu ke aiki, hanya ke da aminci, abin tsoronsa kawai kada gwamnati ta mamaye komai. Matsalar kwarin Rima fuska biyu gare ta: masu karɓa daga hannun talaka sun yi yawa, masu tsare masa rai da dukiya sun yi kaɗan. Littafin da ya kalli fuska ɗaya ya bar ɗaya zai iya ɓatar da mai karatu. A kan wannan ma'auni na zaɓi abin da zan ambata, kuma ma'aunin ya sa dole a fara daga gida.

Na farko shi ne Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ɗan ƙaramin littafi ne, ana iya karance shi tsakanin La'asar da Magariba, amma a cikinsa Shehu ya jera hanyoyin da sarakunan Hausa na zamaninsa suke cin dukiyar jama'a: jangali, kuɗin gari, kuɗin Sallah, gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a ga fuskarsu, ɗibar nama daga mahauta da auduga daga 'yan kasuwa, ƙwace dabbar talaka don ɗaukar kayan sarki, da cinye gadon baƙon da ya mutu a gari. An fi karanta wannan littafi a matsayin hujjar jihadi, kuma haka ne. Sai dai wanda ya karanta shi da idon tattalin arziki zai ga wani abu daban. Yawan kuɗin da ake karɓa bai dami Shehu kamar rashin ƙa'idar karɓar ba. Zakka tana da nisabi, tana da lokaci, tana da adadi, kowa ya san abin da ke kansa tun kafin ya shuka. Gaisuwa ba ta da iyaka sai inda kwaɗayin mai karɓa ya tsaya. Smith, a The Wealth of Nations na 1776, ya sa sanin tabbacin adadi da lokaci cikin sharuɗɗan haraji mai adalci, har ya fifita shi a kan daidaito. Malaman biyu ba su san juna ba, tushen hujjarsu ma ya bambanta, amma sun hangi cuta guda.

Bai kamata a ba matashi wannan littafi a bar shi da zaton cewa daga jihadin 1804 an daina karɓa ba. Jangali ya dawo a Daular Usmaniyya kanta. Bajamushe Heinrich Barth, da ya ga Kano a 1851, ya rubuta kuɗin ƙasa da kuɗin karofi da ake karɓa daga marina. Yusufu Bala Usman, a nazarinsa kan Katsina da aka buga a 1981, ya nuna haɗarin ɗaukar rubutun masu jihadi a matsayin cikakken hoton mulkin da suka kayar. Darasin da ke nan ya fi na littafin nauyi: masu ilimi da tsoron Allah sun kafa daula a kan ƙin haraji na zalunci, amma buƙatar dawaki da ganuwa da ciyar da fada ta mayar da 'ya'yansu ga mafi yawan abin da aka ƙi.

Daga nan sai a je Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya kafa garin a matsayin ribaɗi wajen ƙarshen shekarun 1820, a can ya rasu, a can hubbarensa yake. Littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji, shi ne na biyu da zan sa a jakar kyauta. A cikin ginshiƙan mulki bakwai da ya kawo, akwai wanda ya ɗora wa shugaba nauyin raya sana'o'i: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa, a tabbatar kowane gari yana da su, a gina ganuwa da gadoji, a kula da kasuwanni da hanyoyi, a kwaɗaitar da jama'a tanadin abinci. Yana kuma da Tanbihus Sahib kan hukunce-hukuncen neman abin kai, inda ya ɗaukaka cin guminka a kan dogaro da hannun mutane.

Mai tsattsauran ra'ayin kasuwa zai ce wannan ai shisshigin gwamnati ne. Ni ban ga haka ba. Bello bai ce sarki ya zama maƙeri ko ya sayi ƙarfen garin duka ba. Ya ce ya samar da yanayin da maƙeri zai zauna ya yi aikinsa. Ribaɗi kansa tsari ne na tattalin arziki gwargwadon yadda yake na yaƙi: a kafa gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da makiyaya da masu sana'a, domin gona da kasuwar da ke bayansa su samu barci. Ko da hakan, aminci bai cika ba. Barth ya iso Wurno a 1853 zamanin Aliyu Babba ɗan Bello, kuma kafin ya iso sai da ayarinsu ya keta dajin Gundumi dare da rana ba tsayawa, don tsoron mahara daga Gobir. Dajin nan dai shi ne wanda hanyar Marnona zuwa Isa ke ratsawa a yau.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe wannan hanya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Wurno da Rabah da Goronyo, aka kuma katse layukan waya a yankin. Ranar 17 ga Oktoba ta wannan shekara 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe sama da mutum 40. Duk wanda zai yi maganar 'yancin kasuwa a wannan yanki ya ajiye waɗannan ranaku biyu a gabansa. A ta farko hukuma ce ta hana ciniki domin ta kasa tsare shi. A ta biyu an bar kasuwa ta ci, babu mai tsaronta. Mai akuya biyu da yake jiran ranar kasuwa ya sayar da ɗaya ya sayi gero, duka biyun sun same shi.

Babu wanda ya bayyana abin da ke biyo bayan irin wannan hali kamar Ibn Khaldun. Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377 a wata ganuwa da ke Aljeriya ta yau, ana samun ta da Larabci a shagunan littattafan addini, kuma malamin zaure ba zai ji ta baƙuwa ba, domin marubucin alƙalin Malikiyya ne. Babobi uku sun isa su biya kuɗin littafin. A ɗaya ya nuna cewa a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa yana da yawa, a ƙarshenta haraji ya yi nauyi, baitulmali kuma ya rame, saboda mutane sun daina ƙoƙari. A wani ya ce sarkin da ya shiga fatauci da noma yana kashe talakawansa, domin babu mai iya gasa da shi a saye ko sayarwa. Na ukun shi ya fi dacewa da mu: idan mutane suka fitar da rai cewa abin da suka tara zai zauna a hannunsu, sai su janye hannu daga nema, daga nan gari ya fara mutuwa. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci babin farko a 1981 don kare rage haraji, shi ya sa Turawa suka fi sanin sa. Amma manomin Gandi ta ƙasar Rabah ko na ƙauyukan Goronyo da 'yan bindigar daji suka ɗora wa kuɗin shuka da kuɗin girbi, ya bar gonarsa mai nisa ya koma noman abin da ke bayan gida, babi na uku yake rayuwa a ciki. Ibn Khaldun bai bambanta mai karɓa da takarda da mai karɓa da makami ba wajen sakamako. Direban da ya ɗauko albasa daga Goronyo zuwa Legas ko Onica yana biya a kowane shinge, kuma fatake suna cire wannan kuɗi ne daga farashin da za su ba manomi tun a bakin gona.

Maganar farashi ita ce inda muhawarar majalisa ta fi zafi, kuma a nan ne fiƙihu ya fi mutane da yawa sassauci. Hadisin Anas sananne ne: kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, ya ƙi, yana gudun ya gamu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a kansa. Yahya ibn Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu wajen 901, ya gina littafinsa Ahkamus Suƙ a kan wannan, yana barin farashi ga kasuwa sai inda 'yan kasuwa suka haɗa baki don cutar da jama'a. Inda ya tsananta shi ne awo da ma'auni da algus. Wannan rabon aiki yana da hikima. Hukuma ba ta san adadin albasar da ta ruɓe a rudu, wato ma'ajiyar albasa, bana ba, ba ta san yawan motocin da suka iso daga Nijar ba, farashi ne ke tattara wannan labari duka ya isar da shi ga mai saye da mai sayarwa. Hayek ya yi bayanin haka a wata maƙala ta 1945, kuma ita ce rubutunsa da ya fi dacewa da mu. Amma hukuma tana iya sanin ko mudu bugagge ne. Ku duba buhun albasa a lokacin kaka, watan Maris ko Afrilu: an cika shi har ya yi tozo, an ɗora wani ƙyalle an ɗinke bakinsa, ƙato biyu ke ɗaga shi, amma sunansa buhu ɗaya, kuɗinsa na buhu ɗaya. Nan ne manomi ke asara a fili, nan ne kuma sarkin kasuwa da ƙaramar hukuma suke da hurumi na gaske. Mu kuwa mun saba juya lamarin. Dokar ƙayyade farashi ta 1977 da fasa shagunan da sojoji suka yi a 1984 sun kori kaya zuwa bayan fage, sikeli kuma har yau bai zama dole a cinikin albasa ba.

Haka batun ɓoye kaya. Malaman Malikiyya sun ware manomin da ya ajiye amfanin gonarsa, da wanda ya kawo kaya daga wani gari, daga hukuncin mai ihtikari. Wanda aka hana shi ne mai share kasuwa lokacin ƙunci. Wanda ya zuba albasa a rudu a Afrilu ya fitar a Nuwamba ya ɗauki kasadar ruɓewa da ramewa, kuma ba don irinsa ba da babu albasa a kasuwa a ƙarshen shekara ko da tsada.

A cikin littattafan Ingilishi, wanda zan fara miƙa wa ɗalibin jami'a shi ne West African Trade na Peter Bauer, 1954. Ya zo Najeriya da Gana ta yau ya zauna da 'yan kasuwa, ya fito da hujjoji biyu da suka ɓata wa jami'an mulkin mallaka rai. Ta farko, yawan dillalai da 'yan tebur ba ɓarna ba ce. Yarinyar da ke warware kwalin ashana tana sayar da tsinke kaɗan kaɗan tana yi wa mai kobo ɗaya aikin da babban kanti ba zai yi masa ba. Dillali mai cin la'ada yana sayar da sani da lamuni, abu biyu masu tsada a inda babu banki. Ta biyu, hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda aka kafa wa gyaɗa da auduga a 1949 da sunan kare manomi daga hawa da saukar farashi, haraji ne a ɓoye: su kaɗai ke da ikon fitar da kaya waje, suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya, rarar tana zama a hannun gwamnati.

Sai dai ba zan ba ɗan Rabah littafin Bauer shi kaɗai ba, domin mafi ƙarfin martani a kansa daga garinsu ya fito. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello, a Rabah aka haife shi, ya zama hakiminta a 1934, ya zama Firimiyan Arewa a 1954, shekarar da hukumomin sayen amfanin gona suka koma hannun gwamnatocin yankuna. Littafinsa My Life na 1962 yana nuna tunanin mutumin da ya ga Arewa a baya wajen ilimin zamani da masana'antu, ya kuma yi imani cewa in aka bar komai ga kasuwa, kamfanonin Turawa da 'yan Kudu masu takardu za su kwashe komai kafin ɗan Arewa ya farka. Rarar gyaɗa da auduga ta shiga ayyukan raya ƙasa na wancan zamani, zamanin masaƙar Kaduna ta 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. Wannan hujja ce mai nauyi, ba a ture ta da baki. Hukuncina shi ne Sardauna ya yi gaskiya a kan buƙatar, Bauer ya yi gaskiya a kan hanyar. Manomin da ya kai gyaɗarsa ga 'yan baranda bai san nawa aka cire masa ba, ba a tambaye shi ba, kuma ikon da aka ba shugaba mai amana ya zauna a ofis bayan mai amanar ya tafi. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, manomin ba shi da ajiyar da zai jure da ita, dalar gyaɗa ta ɓace, aka rushe hukumomin a 1986.

Akwai abin da kasuwa da gwamnati duka suke tuntuɓe a kansa, wato ruwa. Madatsar Goronyo, da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, tana riƙe sama da kubik mita miliyan 900, kuma sakin ruwanta ne ke yanke hukuncin noman rani har Wurno da gaba, kamar yadda ambaliyar Satumba 2010 ta nuna ta mummunar fuska. Rabah kuwa tana kan Gulbin Sakkwato, ƙasa da madatsar Bakolori, inda aka karɓe gonaki, rikicin diyya ya kai ga kisan manoma a 1980, fadamun da ke ƙasa kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da shinkafa da kifi, kamar yadda William Adams ya nuna a bincikensa. Ba za a iya yanka kogi a raba wa kowa nasa ba, kuma ofishin da ke nesa bai san wanda ke ƙarshen magudana yana kwana ba ruwa ba. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta rubuta Governing the Commons a 1990 a kan wannan giɓi. Ta bi ƙungiyoyin masu ban ruwa a Balansiya ta ƙasar Sifen da Filifin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna raba ruwa da kansu, ta gano abin da ya riƙe su: an san iyakar masu haƙƙi, masu amfani da ruwan su ke tsara doka, mai sa ido daga cikinsu yake, tara tana farawa da kaɗan, sulhu yana da sauƙi da araha, gwamnati kuma ta amince da ikonsu. Shugaban kowace ƙungiyar masu amfani da ruwa a aikin ban ruwa na Rima ta Tsakiya ya cancanci wani ya karanta masa babin da ya kawo waɗannan sharuɗɗa, ya auna ƙungiyarsa da shi. Wanda ya san aikin sarkin ruwa da sarkin noma zai ga cewa yawancin sharuɗɗan muna da su tun da, na ƙarshen ne ya fi ƙaranci, musamman tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna.

Saura abu mafi wuyar faɗa. Duk wanda ya yabi kasuwannin Daular Usmaniyya dole ya faɗi cewa cikin hajar da ake sayarwa a cikinsu har da mutane. Rinji da gandun manya da bayi aka noma su, ribaɗoɗi ma da bayi aka cika wasunsu. Jagororin jihadi sun yi kuka a kan bautar da 'ya'ya Musulmi, kamar yadda Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi tun 1615, amma ba su rushe tsarin ba. Turawan da suka zo da ikirarin 'yantarwa su ma jan ƙafa suka yi: sanarwar Lugard ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta 'yanta waɗanda za a haifa daga baya, amma ta bar waɗanda ke hannu su fanshi kansu ta hanyar murgu, kuma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun bi wannan tarihi daki daki a Slow Death for Slavery na 1993. Mai son 'yancin ciniki da bai fara da haƙƙin mutum a kan jikinsa da guminsa ba, haƙƙin mai dukiya kawai yake karewa. A yankin da ake sace mutane ana ciniki a kan kuɗin fansarsu ta waya, wannan ba tsohon zance ba ne.

Littafin Lovejoy da Hogendorn na manya ne, yana da tsada da wuyar samu, haka Bauer da Ostrom, waɗanda sai an yi odarsu ko a nema a ɗakin karatun jami'a. Na gida sun fi sauƙi: zaɓaɓɓun littattafan Shehu da ƙanensa Abdullahi da Bello da aka fassara aka buga a Gusau a 2013 sun kawo da yawa daga rubutunsu kusa da mai karatun Hausa. Yaro ko yarinyar sakandare kuwa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ishe su mafari. Siriri ne, da Hausa yake, kuɗinsa bai kai na takalmin Sallah ba, kuma labarin uwar da ta keta Sahara tana neman ɗanta da aka sayar zai sa su tambayi wa ya sayar, wa ya saya, da wace hukuma ce ta karɓi kuɗin fito a kan hanya.